Uba ya ɗauke ɗansa daga Islamiyya: a rubuta "kidnap" ko kar a rubuta?

Mai Shagon Kongo:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga malaman Turanci, in kuma akwai wanda ya karanci shari'a, shi ma ina roƙon ya sa baki.

Shagon buga takardu nake da shi a unguwar Kongo ta Zariya, kusa da ƙofar jami'a. Rabin aikina furojet ɗin ɗalibai ne da fotokofi, sauran kuma na mutanen unguwa ne da ke zuwa da magana a baki su ce in zuba musu ita a takarda da Turanci: neman aiki, yarjejeniyar haya, takardar koke.

Jiya da la'asar wata baiwar Allah ta zo da yayanta. Aurenta ya mutu tun bara, ɗansu mai shekara 6 yana hannunta. Ranar Asabar uban ya je Islamiyyar da yaron ke zuwa, ya ce wa malamai shi ne mahaifinsa, ya ɗora shi a babur ya kai shi garinsu wajen kakarsa. Uwa na gida tana jiran a taso, har magariba ba yaro. Sai bayan isha'i ya bugo waya ya ce kar a wahalar da kai wajen nema, yaro na wurinsa kuma ba zai dawo da shi ba. Bai nemi ko sisi ba, bai kuma ɓoye inda yaron yake ba. Yayan ne ke ta bayani, ita tana zaune kan benci ba ta ce uffan ba. Ya ce in fara takardar da "My former husband kidnapped my son", za su kai wa 'yan sanda.

Na kasa bugawa, na ce su dawo jibi. Dalilina shi ne na taɓa buga wannan kalmar a inda take da gaskiyarta. Wani ma'aikaci ne ya zo in rubuta masa takardar neman rance daga ƙungiyar adashen ofishinsu, an ɗauke ƙanensa a gona ta wajen Giwa. Ya zo da fallen takarda a aljihu mai ɗauke da sunayen dangi da abin da kowa ya bayar, wani dubu biyu, wani buhun masara a sayar. Bayan kuɗi, mutanen sun ce a haɗo musu da katin waya da babur. Tun daga ranar, in na ga kalmar nan wannan takardar nake tunawa. Shi ya sa ɗora ta a kan uban da ya kai ɗansa gidan tsohuwarsa ya yi mini nauyi, ko da yake abin da ya yi zalunci ne ƙarara.

To shin a Turanci dole sai an nemi kuɗin fansa kafin a ce kidnap? Kuma uba na iya kidnap ɗin ɗan cikinsa? Wani ɗalibi da ke jiran fotokofi ya ce mini ai kid yaro ne, don haka kalmar ta yara ce kawai, in babba aka ɗauke sai a ce abduct. Gaskiya ne? Sannan p nawa ake sawa a kidnapped? Na ga an rubuta da ɗaya, na ga da biyu.

Malamar Turanci:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya.

In fara da maganar ɗalibin nan, ya kama rabi ya saki rabi. Asalin kalmar haɗin gambiza ce ta kid, wato yaro, da nap, wadda tsohuwar kalmar 'yan tasha ce mai nufin fizgewa, 'yar'uwar nab da ake amfani da ita har yau. Ta bayyana a rubuce a Ingila wajen shekarun 1680, lokacin da ake satar yara da marasa galihu a loda su a jirgin ruwa a kai su aikin bauta a gonakin Turawa na Amurka. Amma tun da jimawa ta bar kan yara kaɗai. Dattijo mai shekara 70 in an ɗauke shi da ƙarfi, he was kidnapped za a ce, ba wanda zai gyara maka.

Ma'anarta a yau: a ɗauke mutum ba bisa doka ba, da ƙarfi ko da yaudara, a tsare shi inda ba ya so. Ƙamus da yawa na ƙarawa da cewa galibi don neman kuɗin fansa ne. Ka lura da "galibi". Fansa ba sharaɗi ba ce, shi ya sa in ana son fayyacewa ake ƙara for ransom. Da tana cikin kalmar, da ba a buƙaci ƙarin ba.

Ita kuwa abduct daga Latin ta zo, ma'anarta ta asali jan mutum a tafi da shi. Ta fi kama da harshen kotu da na rahoton hukuma, kuma ba ta jawo tunanin kuɗi kamar kidnap. A jarida dai musanya su ake yi. Lokacin da aka sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, wata jaridar ta ce abducted, wata ta ce kidnapped, wani lokaci ma a labari guda ka ga duka biyun don gudun maimaici.

Batun p: rubuta biyu, kidnapped, kidnapping, kidnapper. Haka Turancin Ingila yake, shi muke bi a makarantunmu da jarrabawar WAEC da NECO. Mai p ɗaya da ka gani rubutun wasu Amurkawa ne, kuma ko a can mai biyun ya fi yawa. Ruɗanin ya samo asali ne daga inda ake danna murya. A gaɓar farko ake dannawa, KID-nap, kuma bisa ƙa'ida in ba a gaɓar ƙarshe ake danna kalma ba, ba a ninka harafinta na ƙarshe, kamar develop da developed. Sai dai kidnap ta fita daga ƙa'idar, ita da handicap.

Abin da na fi jan jan biro a kansa a littattafan ɗalibaina shi ne "He was kidnap" da "They kidnap him yesterday". Muna haɗiye -ed a baki, sai mu haɗiye shi a takarda. A furuci kamar t yake fita, kidnapt, ba kidnap-ed ba. Na kuma sha ganin yarinya ta rubuta "the kidnapper was released after his family paid", tana nufin wanda aka sace. Kidnapper shi ne ɓarawon. Wanda aka sace victim ne, ko captive, ko hostage in ana ciniki da ransa. Kuma aikatau ne da ba ya tsayawa shi kaɗai, dole a faɗi wanda aka ɗauke: "Gunmen kidnapped two farmers from their village." Mutum ake yi wa shi. Mota ko jirgi hijack ake cewa, shanu kuma rustle.

Tambayarka ta uba da ɗa na bar wa masu shari'a. Ta fuskar harshe dai jimlar yayan ba ta karye ba.

Ɗan Kwarbai:

Malama ta gama da nahawu, bari in ɗora daga inda ta tsaya. Aikin lauya nake yi, yawanci a kotunan shari'a na nan cikin gari.

A Turancin waje, eh, uba na iya kidnap ɗin ɗansa. Amurka na da doka tun 1980 mai suna Parental Kidnapping Prevention Act, kan iyayen da ke ɗauke yaro su tsallaka da shi wata jiha don kauce wa hukuncin kotu. A shekarar dai aka ƙulla yarjejeniyar Hague kan iyayen da ke tsallaka ƙasa da yara, ita kuma abduction ta kira abin. Ka ga Turawan ma kowace sun yi amfani da ita.

A dokarmu kuwa kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. Kundin Penal Code na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya raba su. Sashe na 271 ya ce kidnapping shi ne ɗauke ko yaudarar yaro namiji ƙasa da shekara 14, ko yarinya ƙasa da 16, ko mai taɓin hankali, a raba shi da wanda doka ta ba riƙonsa ba da izininsa ba. Sashe na 272 ya ce abduction shi ne tilasta wa kowane mutum, ko yaudararsa, ya bar inda yake. Wataƙila daga nan ɗalibin nan ya tsinto maganarsa, tunda a Kongo ake karatun lauya. Sai dai wannan rabe-raben na cikin kundi ne, ba na Turancin yau da kullum ba. Kuma jihar Kaduna ta yi nata sabon kundin a 2017, don haka kar kowa ya kwafi lambar sashe daga nan ya sa a takarda.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk maganar ta rataya ne kan wa ke da haƙƙin riƙon yaron. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, in aure ya mutu uwa ce ke da hadana, wato haƙƙin riƙon yara: ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi wani aure, riƙon kan koma wajen mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Ciyarwa da tufatarwa da kuɗin makaranta kuma na kan uba duk inda yaron yake. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba, al'ada ta sa ana ganin da an yaye yaro ya zama na gidan uba. Don haka bisa abin da ka faɗa, matar nan tana da hujja mai ƙarfi.

Shawarata su nufi kotun shari'a su nemi a tabbatar mata da hadana a kuma umarci a dawo da yaron. In aka kai koken kidnap ga 'yan sanda, abu biyu ke iya faruwa. Ko dai su ji uba ne su ce maganar gida ce ku je kotu, an ɓata kwanaki a banza. Ko kuma a ɗauke ta da zafinta a kama mutumin a matsayin mai garkuwa da mutane, daga nan dangi biyu sun shiga gabar da yaron ne zai girma a cikinta.

Mai Shagon Kongo:

Na gode Malama, na gode Barista, Allah ya ƙara basira. Maganar hadana ban taɓa jin ta filla-filla haka ba, kuma na tabbata yayan ma bai sani ba, don cewa yake yi "mun san ɗansa ne, amma ai sai ya bari ya ƙara wayo".

Sai dai ga abin da zai ce mini in sun dawo, don ya riga ya faɗa jiya. A ganinsa takarda mai sanyi ƙarƙashin fayil take kwana, sai an ga babbar kalma ake motsawa. Kuma ba zan ce ƙarya yake yi ba gaba ɗaya. Ina ganin yadda mutane ke zuwa shagona suna neman kalmar da ta fi kowace girma: wanda aka yi wa jinkirin biyan bashi ya ce in rubuta fraud, wanda maƙwabci ya zage shi ya ce in sa threat to life. Talaka ya saba sai ya ɗaga murya ake jin sa, shi ya sa yake son Turancin ma ya ɗaga masa murya. Ni kuma da hannuna ake bugawa, in takarda ta jawo wa wani abin da ya fi laifinsa ina da kamasho a ciki ranar gobe.

Baba Tukur-Tukur:

Ɗana mai shago, Allah ya yi maka albarka. Na yi aikin fassarar labarai shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, bari in ba ka abin da na gani da wannan kalma.

Karon farko da na ga ta cika jaridu kan mutumin da muka sani a Zariya shi ne watan Yulin 1984, lokacin da aka sace Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri na gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa a Landan. Aka yi masa allurar barci aka sa shi cikin akwatin katako, har da likita a ciki yana kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin sama na Stansted za a taho da shi Legas. Jami'an kwastan na Ingila suka buɗe akwatin saboda ba a cika ƙa'idar kayan jakadanci ba. Jaridun Ingila kidnap suka kira abin. Babba ne ba yaro ba, kuma ba wanda ya nemi fansa. Wannan kaɗai ya amsa tambayoyinka biyu. Mu a lokacin "yunƙurin sace Umaru Dikko" muka ce.

A tunawata, "garkuwa" a labarai ta hostage ce. Da ita muka fassara labarin Amurkawa 52 da aka tsare a ofishin jakadancinsu na Tehran daga 1979 har kwana 444. Fassarar ta zauna daidai, domin garkuwa abin kare kai ce a yaƙi, wanda ya riƙe mutum yana cewa in ba a yi mini kaza ba ba zan sake shi ba, ya mai da shi garkuwarsa ke nan. Da tsagerun Neja Delta suka fara ɗauke Turawan kamfanonin mai wajen 2006, sai kalmar ta bi su. Da abin ya iso gidanmu, ta zauna daram, har yaran yanzu na ganin ita ce fassarar kidnap tun fil azal. Kan titi kuma ga "kidinafin" da "'yan kidinafin", har a bakin tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba.

A Turanci akwai ɗan bambanci. Kidnap na kallon ɗaukewar, take hostage ko hold hostage na kallon riƙewar da cinikin. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022, an yi kidnapping ɗinsu a daren, sannan suka zama hostages na tsawon watanni, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka fito.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙamus na gaya maka ma'anar kalma a Ingila, ba ya gaya maka abin da za ta tayar a kunnen mutumin Kaduna. Mu da muka ga an sace ɗalibai a kwalejin Afaka da jami'ar Greenfield a 2021, muka ga an shiga kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya a watan Yunin shekarar an kwashi malamai da ɗalibai, muka ga an sace 'yan makaranta a Kuriga a 2024, in an ce kidnapper ba uban da ya yi rigima da tsohuwar matarsa muke hangowa ba. Mai bindiga a daji muke hangowa. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano, bayan an kira su da wannan sunan. Ba kotu, ba bincike. Kalmar da ke iya tara jama'a da duwatsu da fetur ba a rubuta ta don a sa jami'i ya yi sauri.

Maman Khalifa, Gyallesu:

Baba, a gafarce ni, ban ƙi maganarku ba, amma duk na ga hankali ya koma kan kare mutumin. Ita fa? Daga la'asar zuwa bayan isha'i ba ta san inda ɗanta yake ba, a garin nan, a wannan zamanin. Duk abin da kuka lissafa na Kuriga da Nuhu Bamalli shi ne ya riƙa yi mata yawo a kai a waɗannan awoyin. Ƙanwata ta shiga irin wannan, na ga yadda ta bi layi-layi ba takalmi tana tambayar masu shago ko sun ga yaro mai shuɗin yunifom. Shi uban ya san haka za ta ji, da ya so da ya bugo waya tun yana ƙofar makarantar.

Na yarda kar a rubuta kalmar da za ta sa a ɗauke shi ɗan ta'adda. Amma kar kuma a rubuta takardar da alƙali zai karanta ya ga kamar uba ne ya je ɗauko ɗansa daga makaranta kamar kowane uba. Malama, ba wata hanyar da za a faɗi abin da nauyinsa? Sannan makarantar da ta miƙa yaro ga wanda ba shi ya saba zuwa ɗaukarsa ba, ba tare da ta kira uwar ba, ita ma a sa ta a takardar.

Malamar Turanci:

Maman Khalifa, gaskiyarki, kuma akwai hanya. A takardar koke bayanin abin da ya faru ya fi suna ƙarfi, domin suna ana iya musa shi, amma rana da lokaci da shaidu ba sa musuwa. Malam mai shago, ga yadda zan tsara ta in ni ce:

"On Saturday my former husband removed our six-year-old son from his Islamiyya school without my knowledge or consent. I did not know where my child was until he telephoned that night. He has since refused to return him."

Removed ta fi took nauyi, tana nuna an cire yaron daga inda ya kamata ya kasance. Without my knowledge or consent ita ce ƙashin bayan koken, kusan lafazin dokar da Barista ya kawo ne. Refused to return kuma na nuna abin bai wuce ba, yana nan yana ci gaba. In lauyansu ya duba ya ga a ƙara abducted ko wrongfully removed, shi ya san inda zai sa ta da abin da za ta jawo.

Ka sa cikakken kwanan wata maimakon Saturday kawai, da lokacin da aka ɗauke shi, da lokacin da wayar ta shigo. Ka rubuta tun yaushe yaron ke hannunta bayan rabuwar, da ko ta yi wani aure ko ba ta yi ba, tunda hadana ta rataya a kan haka. Malamin da ya miƙa yaron a ambace shi a matsayin shaida, ba wanda ake ƙara ba, don a samu ya zo ya faɗi abin da uban ya gaya masa.

Ɗan Kwarbai:

Tsarin Malama ya yi. Ƙari ɗaya: in kotun shari'a za su, ba dole ne sai da Turanci ba. Da Hausa ake zaman, kuma tana iya zuwa wajen rajistara ta faɗi ƙararta da bakinta a rubuta. Ta tafi da takardar saki in tana da ita, da takardar haihuwar yaron, da rasit ɗin kuɗin makaranta ko katin asibiti da ke nuna a hannunta yake tun bara. Kar ta goge lambar da ya kira ta da ita a daren Asabar ɗin, kuma in ya turo saƙo ta adana shi.